Imoro Mai Dish da Tauraron Asuba

In ka tsaya a bakin babbar kwatar Mamobi ka ɗaga kai, rabin farantan dish ɗin da za ka gani a kan rufin mutane hannun Baba Imoro ne ya kafa su. Shekara ashirin da biyu muna gida ɗaya da shi, ɗakina yana kallon nasu, tsakar gida ce kawai a tsakaninmu, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. Sunana Zalia. Koko da ƙosai nake sayarwa a bakin hanya, kuma a hannun matarsa, Mma Abiba, na karɓi tukunyar.

Daga Sabelugu, can arewacin ƙasar nan, ya zo Akra yana ɗan shekara goma sha bakwai. Ya yi dako a Kasuwar Malam Atta har gashin tsakiyar kansa ya ƙare. Wani mai gyaran rediyo a Nima ya lura ba ya tsoron bisa, sai ya riƙa tura shi ɗaura eriya a kan dogon gora, a zamanin da talabijin ɗaya ke tara unguwa guda. Da gora ya wuce aka shiga dish, sai ya bi dish. Gajere ne siriri, ba ya hawa rufi da takalmi, kuma layin ƙusoshi yake bi don kada kwano ya lotsa. Matan gida ba sa gudu su rufe jiki in sun ji motsinsa a sama, don kowa ya san Baba Imoro ba ya leƙen tsakar gidan mutane. Magana kuwa tsada gare ta a wurinsa. In ka gaishe shi sau uku, za ka samu amsa ɗaya da rabi.

Abin da ya daɗe yana ba ni dariya shi ne, mutumin da ya yi shekara arba'in yana nuna ƙarfe sama bai taɓa tsayawa ya kalli saman ba. Idonsa yana kan ɗan mitansa mai ƙara, hannunsa yana kan sifana. Kafin mita ta zo, mutum biyu aikin yake buƙata: ɗaya a kan rufi yana juyawa, ɗaya a ɗaki gaban talabijin yana jiran hoto. Farkon aurensu, in aikin a cikin unguwa ne, Mma Abiba ce take zama a ɗakin. Shi ya ce daga sama, "Ya kawo?" ita kuma in hoto ya tsaya ta kwarara masa "Ya kawo!" da muryar da ake ji har masallacin lungu. Tsofaffin unguwa har yanzu suna ba da labarin wannan murya.

Mma Abiba haifaffiyar Nima ce, jikar Gobirawa, doguwa kakkaura, mai dariya da dukan cinya. Ba ta taɓa ajiye agogo ba. Kakarta ta nuna mata Gamzaki, babban tauraron nan da ke fitowa gabas kafin asuba, da shi take auna aikinta. In ta fito ta gan shi a kan katangar bayan ɗakinsu, lokacin hura wuta ne. In ya kai kan bishiyar mangwaron maƙwabta, ruwa ya tafasa ke nan ko ya kamata ya tafasa. Akwai watannin da yake ɓacewa gaba ɗaya, sai ta koma dogara da zakara da ladan, tana mita kamar wadda ɗanta ya yi tafiya bai yi sallama ba. Ranar da ya dawo kuwa, ko ka zo sayen koko ba ka tambaya ba sai ta gaya maka.

Shekara biyu da rabi ke nan da ta faɗi a gefen tukunya. Hawan jini ne. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi, muryar nan ta koma raɗa. A shekarar da ta faɗi kuma, kamar haɗin baki, ɗan maƙwabcinmu da ke Jamus ya turo a gina masa bene hawa uku daidai bayan ɗakinsu. Aka sare mangwaron. Gabas ɗin gidanmu ya koma bulo da tankin ruwa baƙi a samansa. Ba na faɗin sunan mai benen, don ba laifi ya yi ba, filin ubansa ne, amma har yau in na gan shi a hoto sai raina ya ɓaci.

Mun taɓa fito da ita tsakar gida a kujera da asuba, ta ɗaga kai ta ga bango, ta ce a mayar da ita. Aka ce to a kai ta bakin titi. Lungunmu kuwa mutum biyu ba sa jerawa, ga kwata a tsakiya. Ranar da aka kai ta asibiti, ƙarti huɗu ne suka ɗauke ta, suka ratsa da ita ta gaban mutanen da ta yi shekara talatin tana zuba wa koko. Ta yi kuka ranar, ba don ciwo kaɗai ba. Ta rantse ba za a sake ɗaukarta kamar buhu a idon jama'a ba, kuma duk wanda ya san Mma Abiba ya san an gama magana.

Tun daga nan, kullum in na fito da asuba zan wuce da gawayi, sai in ji raɗarta ta taga.

"Zalia, ya fito?"

Ni da wayata ce ke tashina, ina na san wani Gamzaki? Sai in ce, "Ya fito, Mma." Haka muka yi wata da watanni. Wata rana ta ƙara da cewa, "Ina ya kai?" Na tsaya da buhun gawayi a hannu, na rasa ƙaryar da zan yi. Ta gane. Na ji motsin gado, ta juya fuska bango. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Baba Imoro yana zaune a kan buzunsa a bakin ƙofa da carbi, na ga yatsunsa sun daina ja.

Washegari ya tafi Kawukudi wurin Ticha Issah. Wannan tsohon malamin kimiyya ne da ya yi ritaya, Baba Imoro ya taɓa kafa masa dish, ya ga wani dogon bututu mai ƙafa uku a barandarsa. Ticha yana tara mutane biyar ko shida duk yammacin Asabar a filin wata makaranta, suna kallon wata da taurari, mutanen gari suna wucewa suna girgiza kai. Ticha da kansa ya ba ni labarin yadda suka yi daga baya. Ya ce Baba Imoro ya zauna ya fi minti goma yana kallon ƙasa kafin ya ce, "Ticha, wannan abu naka na ganin tauraro, ina ake samu?"

Ticha ya ji daɗi ya samu ɗalibi. Ya ce masa mai farawa ba da sayayya yake farawa ba, da ido yake farawa. Ya hau rufi sati biyu ya riƙa kallo kawai, ya san me ke fitowa ta ina. Bayan nan in ya ga abin ya shiga ransa, ya nemi tabaron hangen nesa mai ido biyu, irin na 'yan kallon ƙwallo, don shi ya fi sauƙin riƙewa kuma ya fi buɗa wa mutum sama. In kuwa dole sai teleskof, wato bututun, to kada ya yarda da wanda aka zana wa ƙatuwar lamba a kwali, wai yana ƙara girma sau ɗari biyar. Faɗin bakin ake dubawa, don shi ne ke tara haske.

"Kamar dish," in ji Baba Imoro.

"Kamar dish, daidai!" in ji Ticha.

A cikin duk huɗubar, wannan kaɗai ya ɗauka ya sa aljihu. Kuma bai gaya wa Ticha don me yake nema ba. Namijin zamaninsu ba ya zama gaban wani ya ce matata ce ke kewar tauraro. Da ya faɗa tun ranar, da an huta da wahala mai yawa.

Shawarar hawa rufi ya bi ta kwana uku. Ranar farko ya ga wani haske babba a gabas, ya zuba masa ido, yana murna ya same shi da wuri. Hasken ya yi ta ƙara girma, ya yi ta saukowa, har ya sauka lafiya a filin jirgi. Ni ya gaya wa, fuskarsa ba alamar wasa, na yi dariya har ƙosai ya ƙone mini. Rana ta biyu ya gane na gaskiyar: fari tas, ba ya ƙiftawa, yana ɓullowa ta saman tankin benen. Daga kan rufina ake ganinsa, daga ƙasa ko alama babu.

Dabarar da ya ƙulla a ransa irin ta sana'arsa ce. Abin da ke sama a kama shi a kan rufi, a sauko da shi ɗaki. Ya yi wa gida fiye da dubu haka, don me zai gagara a gidansa?

Sau uku yana shiga tirotiro, motar hayarmu, zuwa unguwar Malam, wurin masu sayar da tsofaffin kayan da ake kawowa daga Turai, inda ake jibge firji da keken yara da tukunyar shinkafa wuri ɗaya. Teleskof uku ya samu a wani shago. Mai shagon ya nace masa da wani ja mai ƙyalli, yana nuna masa lambar kwali. Baba Imoro ya ture shi, ya ɗauki wani fari mai ɗan tsatsa wanda ya fi su faɗin baki, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya leƙa gilashin ya ga ba tsagewa. A nan kam Ticha ya ce ya yi zaɓe mai kyau. Amma da ya iso gida ya kafa ƙafafun nan uku ya taɓa, ya ga suna rawa, sai ya yi tsaki.

"Wannan ƙafan sauro ne," ya ce. "Iska kaɗan, ya tafi."

Ya kwance su ya jefa ƙarƙashin gado. Ya je wurin mai walda aka yi masa mariƙi na ƙarfe mai kauri. Ya huda katangar da ke saman ɗakina, ya dasa kusoshi huɗu, ya bi da siminti, ya jira kwana biyu ya bushe. Aiki dai ya yi kyau, ko guguwa ba za ta motsa shi ba.

Da asubar da ya shirya, ya hau tun kafin kiran farko. Ya saita bututun a hankali har tauraron ya shigo tsakiya, ya ɗauko sifana ya ɗaure noti ɗaya bayan ɗaya, tamau, yadda yake yi wa dish. Sannan ya leƙo ya ce, "Zalia, zo ki gani." Na ɗaure zani na kama tsani ina salati, ni da ban taɓa hawa ko kan tebur ba. Na kai sama, na sa ido a ɗan ramin. Baƙi ƙirin.

"Baba, ba komai fa."

Ya ture ni ya duba. Ya ɗaga kai ya ga tauraron yana nan a sama lafiya lau. Ya ce noti ne ya saki. Ya kwance, ya sake saitawa, ya ɗaure har jijiyar wuyansa ta fito. Kafin ya ajiye sifana abin ya sulale ya fita ta gefe. Kwana uku yana wannan kokawa, yana zargin mai walda, yana zargin siminti, har ya fara zargin ginin ɗakina. A rana ta huɗu ya kira Ticha.

Ticha Issah ya zo da asuba da hular sanyi da tocila, ya hau da ƙyar. Da ya haska ya ga kusoshi da siminti, sai ya nemi wuri ya zauna a kan kwano, ya yi dariya har da tari.

"Baba Imoro, wa ya ce ka ɗaure shi? Na'urar da dish ke kamawa a sama tafiyarta ɗaya da juyawar duniya, shi ya sa in ka saita sau ɗaya ka gama. Wannan kuwa ba ya jiran kowa. Duniya tana juyawa da mu, kai kuma ta ƙaramin rami kake leƙe. Minti ɗaya ko biyu ya wuce. Ƙafafun da ka jefar, don bin sa aka yi su."

Baba Imoro ya kalli sifanar hannunsa. Ya ce, "Na san shina hawa, Ticha. Ban san gudu shi ke yi ba." Sannan, wataƙila don duhu ya rufa masa asiri, ya buɗe baki ya faɗi gaskiya. Ya nuna tagar ɗakinsu a ƙasa, ya ce ba don kansa ba ne, don Abiba ne. Dariyar Ticha ta ɗauke nan take. Ya cire hularsa ya sake sawa, ya ce, "To, mu gwada abin da za mu iya."

Suka sassauta notin don bututun ya riƙa juyawa. Suka ɗaure wayar Ticha a bakin ramin leƙen da robar tayar keke, suka kira wayata ta bidiyo. Ni kuma na zauna a bakin gadon Mma Abiba, na tallafe kanta, na riƙe mata wayar a gaban fuska. Da farko duhu ne kawai da muryoyinsu suna "hagu, hagu, dawo kaɗan". Can sai ga wani abu fari ya shigo yana rawa, kamar rabin ƙwayar magani.

"Mma, ga shi! Ga Gamzaki!"

Ta ƙura masa ido. Ya fita, suka dawo da shi, ya sake fita, suka sake dawowa da shi. Ina jiran in ga fuskarta ta buɗe.

"Wannan wata ne," ta ce a hankali. "Ƙaramin wata. Ba shi ba ne."

Ticha ya ji ta cikin waya, ya shiga bayani: ai shi ne, Hajiya, haka yake in an matso da shi, duniya ce kamar tamu, rana ke haska ɓarinsa ɗaya. Duk gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Ita dai ta lumshe ido.

"Nawa ƙarami ne," ta ce. "Shina ƙyalli. Shina saman rufi."

Ranar Baba Imoro bai fita aiki ba. Ya zauna a bakin ƙofa har azahar, wayarsa tana ta ƙara bai ɗauka ba. Ni kuwa haushi ya cika ni, na bututun, na benen, na Ticha da iliminsa, har na ita Mma Abiba da ba ta iya cewa na gode ta yi shiru ba. Daga baya na gane ni ce ban da hankali. Ni na yi mata ƙarya wata da watanni, ita kuwa ta ƙi yi wa mijinta ko sau ɗaya.

Bayan kamar sati uku, kuɗin cizo suka addabe ni, na fitar da kayan ɗakina rana. Na ɓalle ƙofar sif ɗina mai dogon madubi, na rungumo ta ina ratsa tsakar gida da hantsi. Rana ta riga ta haura benen, sai haskenta ya daki madubin ya faɗa ta tagarsu. Na ji Mma Abiba tana raɗa, wai wa ke haska mata ido. Zan wuce ke nan Baba Imoro ya miƙe tsaye daga kan buzu.

"Tsaya nan. Koma yadda kike."

Na koma. Ya kalli madubin, ya kalli taga, ya kalli saman benen, ya kalli rufina. Ya yi haka ya kai sau uku, ni kuma hannuna yana neman tsinkewa. Sai ya shiga ɗaki ya fito da sukundireba. Ban tuna ya roƙe ni ba, ban kuma tuna na ce na ba shi ba. Har yau sif ɗina ba madubi, da ƙiyasi nake ɗaura ɗankwali, in kun gan shi a karkace kun san dalili.

Ya cire teleskof ɗin daga mariƙinsa ya mayar masa da ƙafafunsa na asali. A wurin ya dasa dogon bututun ruwa na ƙarfe, ya yi wa madubin firam na katako, ya ɗaura shi a can ƙoli yana fuskantar gabas. Ya juya gadon Mma Abiba ya koma kallon taga, ya ƙara mata filo biyu, ya zare gilasan tagar guda uku na sama. Daga kan filonta, in ta ɗaga ido, madubin take gani a saman rufina, a cikinsa kuma ga gefen tankin benen da sararin da ke bisansa. Ticha ya zo ya duba, ya ce shi a duk karatunsa wannan bai zo masa ba.

Da asuba Baba Imoro ya hau. Na zauna kusa da ita, na sa mata cokali a hannun hagu da kwanon sha a gefe, don in ta gani ta buga, tunda muryar ba ta kai rufi. Garin shiru, sai ƙarar famfon maƙwabta da wani zakara can wajen Nima. Ina jin ƙarfen yana ƙara kaɗan kaɗan yana juya shi.

"Ya kawo?"

Shiru.

Ya ƙara juyawa. "Ya kawo?"

Ina kallon idonta, ban kalli taga ba. Sai na ga idon ya tsaya wuri ɗaya. Cokalin ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ta ja numfashi, ƙirjinta ya ɗaga, bakin nan da ya karkace ya buɗe.

"Ya kawo!"

Ba tsohuwar muryar ba ce duka, amma ta kai rufi, har ta wuce. Na juya na duba: ga shi nan a ƙasan madubin, ƙarami, fari, yana ƙyalli a saman tanki. Na fashe da kuka, ban ɓoye ba. A sama kuwa sai na ji sifana tana ɗaure noti a hankali. Ta kalle shi kusan minti ashirin da biyar yana hawa cikin madubin har ya fice ta sama. Sannan ta ce in ba ta koko, da sukari, kada in yi mata rowa.

Wata biyar muka yi a haka, kuma ban ga watanni masu daɗinsu a gidan nan ba tun faɗuwarta. Duk bayan kwana huɗu ko biyar tauraron yana gocewa gefe, sai Baba Imoro ya hau ya gyara, ita tana ba shi amsa daga gado. Ranar da hadari ya rufe sama takan yi tsaki ta koma barci. Shi kuma abin ya shige shi ba tare da ya shirya ba. Ya fara saɓa teleskof ɗinsa duk Asabar yana tafiya filin makarantar Ticha. Ya aro tabaron nan mai ido biyu da aka ce ya fara da shi tun farko, ya gwada, ya ce lallai Ticha ya yi gaskiya. Yakan dawo ya zauna a bakin gado yana ba ta labari: ya ga ramuka a jikin wata, ya ga wani tauraro mai zobe, ya ga Kaza da 'ya'yanta sun fi yadda ake ƙirga su yawa. Mutumin da gaisuwa ke yi wa nauyi, sai ga shi ina jiyo muryarsa ta taga har bayan isha'i. Da 'yarsu Samiratu ta zo daga Kumasi, ta ja ni gefe ta ce, "Anti, mi kuka ba Baba?"

Sannan tauraron ya fara makara. Kullum sai ya ɗan ƙara jinkiri kafin ya haura tankin, gari kuma ba ya jiransa. Baba Imoro ya ƙara wa bututun madubin tsawo sau ɗaya, ya ƙara sau biyu, har mai walda ya ce in aka ƙara na uku iska za ta kwantar da shi a kan mutane. Wata asuba ya fito daf da wayewar gari, dishi-dishi, minti uku kacal. Bayan kwana biyu bai fito ba sam.

Ticha ya zo da rana, suka tsaya a bakin ƙofar gida, ni ina wanke tukunya kusa da su. Ya ce tauraron ya nufi bayan rana. Nan da wata biyu ko uku zai ɓullo yamma bayan magariba, kuma wannan karon ta tagar Hajiya kai tsaye, ba sai da madubi ba. Amma kafin ya dawo asuba ya haura benen nan, sai an yi kusan shekara. Baba Imoro ya kalli ƙofar ɗakinsu. Dukanmu mun san yadda jikinta yake.

Ya shiga, na bi shi da kwanon tuwo. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Ticha ya ce wata biyu shina dawowa. Ta yamma, nan tagan nan. Shi ɗin ne dai."

Ta kalle shi, gefen bakinta mai motsi ya ɗan ɗaga.

"Baban Samira, ba ka iya ba. Shekara arba'in ina lissafin tafiyarshi. Na yamma Zara ce, na san ta. Ta masu tashi daga kasuwa ce." Ta huta, ta haɗiye yawu. "Ni na asuba nake jira. Shekara ce, ba kaɗan."

Ya sunkuyar da kai.

"Kar ka sauke madubi," ta ce.

Wata bakwai ke nan yanzu. Zara ta fito yamma kamar yadda Ticha ya faɗa, ƙatuwa, a saman rufina. In na ce, "Mma, ga ta can," takan kalla ta gyaɗa kai, irin gaisuwar da ake yi wa maƙwabciyar kirki, shi ke nan. Cin abincinta ya ragu ƙwarai. Hannun hagun ma ya fara rawa, ni nake ba ta a baki. Ta daina tambayata ko ya fito, kuma wallahi na fi son lokacin da take tambaya. Ina ƙirga watannin da suka rage da yatsu in na kwanta, biyar ne, kuma ina tsoronsu ɗaya bayan ɗaya.

Baba Imoro ya rage karɓar aiki, gwiwa ta fara ba shi matsala. Amma duk asuba, kafin in gama hura wuta, sai in ji tsani ya jingina da bangona. Yakan hau da tsumma a kafaɗa, ya sassauto madubin, ya goge raɓa da kashin tsuntsu, ya mayar, sannan ya tsaya a gefensa har a kira salla. Shekaranjiya na ga yadda yake ɗingishi a kan kwano, raina ya ɓaci, na ce masa daga ƙasa, "Baba, don Allah ka huta. Ba komai fa a cikin madubin nan sai an yi wata biyar."

Ya ninke tsummansa, ya kalli tagarsu.

"Na sani," ya ce. "Amma lokacin nan ne Abiba ke buɗe ido ya duba nan. Ba na so ya duba ya ga ba kowa."